Wai Kada ƙauyanci ne, amma Crocs gayu ne

Na ga abin da kuka yi wa yaron nan baduku jiya a kwament, kuma wallahi tun jiyan abin ke cina. Yaro ya zauna ya yanka fata da hannunsa, ya ɗinka takalma kala uku, ya raɗa musu Barewa, Kada da Marka, laifinsa ke nan fa. Wani har da cewa wai "malam ka nemi sunan zamani mana, wa zai yarda ya sa Kada a ƙafa". Na leƙa hotunan mai maganar, Allah ya sani ban yi niyya ba hannuna ne ya kai ni, sai ga shi a bakin wani shago ya riƙe ƙugu da Crocs kore shar. Bawan Allah, ai kada ne a ƙafarka! Daga sunan kada na Turanci aka gutsuro kalmar, ɗan hoton kadan ma yana nan a jikin maɓallin maɗaurin yana maka murmushi, tun 2002 da aka fara sayar da shi a Amurka yake murmushin nan, kai ne ba ka taɓa sunkuyawa ka duba ba.

Puma ɗin da kuke tara kuɗin wata biyu ku saya, sunan wata dabba ce dangin damisa a dazukan Amurka. Mai kamfanin, Rudolf Dassler, da suka ɓata da ƙaninsa Adi a Jamus a 1948 kowa ya kama gabansa, Ruda ya fara sa wa nasa, daga baya ya koma sunan dabbar daji, ƙanin kuma ya yi Adidas. Reebok sunan wata 'yar barewa ce ta Afirka ta Kudu, a ƙamus masu kamfanin suka tsinto shi a Ingila. Adidas ɗin ma suna da samfurin Gazelle, fassararsa barewa, barewar da kuka yi wa yaro dariya a kanta. Timberland dajin katako. Caterpillar kuwa, shirgegen but ɗin da samari ke takawa kamar za su fasa kwalta, tsutsa ce, irin wadda ke cinye ganyen wake. Mutum ya sa tsutsa a ƙafa yana zagin barewa, ikon Allah.

Kar wanda ya zo min da zancen wai sunan Hausa ba zai sayu a waje ba. Masu sayen Reebok nawa ne suka iya yaren Afirkans, yaren Afirka ta Kudun da aka ɗauko sunan daga cikinsa? Kuma yaron nan ya ce muku Landan zai kai? A Ƙofar Wambai zai sayar, mu ne kwastomominsa, mu da muka san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, da ka ji sunan ka san takalmin mara nauyi ne, ka ji Kada ka san fatar mai ƙarfi ce ko zanen jikinta ne ya yi kama. Sunan ya gama talla tun kafin ka taɓa kayan. Masu cewa sunan dabba bai dace ba kuma, ku je ku faɗa wa Kwalejin Barewa ta Zariya, ko 'yan ƙwallon Nijar da ake kira Mena, wadda ita ma wata irin barewa ce.

Abin da ya fi min ciwo shi ne Marka. Sunan kakata ke nan, an haife ta a tsakiyar damina ana ruwa kwana da kwanaki ba ɗaukewa, sunan yankanta sai a bakin liman muka ji shi ranar da ta rasu. Haka muke sa suna tun asali, Anaruwa, Nomau, Damina, ka ji sunan mutum ka san yadda gari yake ranar da ya zo duniya. Unguwanninmu da garuruwanmu ma haka, Kurna, Ɗorayi, Giginyu, Rimin Gado, duk itatuwa ne. Yanzu yaro ya yi takalmin da zai jure ruwa ya ce Marka, wasu na turo masa alamar dariya. An taɓa yi mana irin wannan fa, fatar jar akuyar Sakkwato da ake jemewa a Kano, ayari ya tsallaka da ita Sahara, ta isa Turai ana ce mata fatar Maroko, har yau da sunan aka san ta. Wancan wasu ne suka sauya mana, wannan karon mu ne da bakinmu muke roƙon yaro ya sauya.

Ni dai na yi odar Barewa lamba 43, in gam ya saki zan dawo nan na faɗa, ba ruwana da kara.

Af, wanda ya yi min musayar takalmi a masallacin Juma'a satin da ya wuce, ya bar min silifas ɗin soso wari baƙi wari shuɗi kuma duka na hagu, dan Allah ka dawo min da nawa, na san a unguwar nan kake. Ban yafe ba tukuna.