Dodon koɗi a cikin kwalba, da haƙƙin wanda ba ka sani ba

A watan Agustan 1928 wata mata mai suna May Donoghue ta zauna a wani shago a garin Paisley na ƙasar Sikotilan, aka saya mata lemon citta. Kwalbar baƙa ce, ba a ganin cikinta. Ta sha rabi, da aka tsiyayo sauran sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi ya biyo, inji ta, daga baya kuma ta kwanta ciwon ciki. Matsalarta a gaban shari'a ita ce ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu ciniki tsakaninta da mai shago, balle David Stevenson da ya haɗa lemon. A fahimtar lauyoyin wancan zamani, idan kai mai sarrafa kaya ne, wanda babu yarjejeniya tsakaninku galibi ba shi da abin da zai nema a wurinka.

Maganar ta kai Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. A 1932 alƙalai uku cikin biyar suka ce tana da damar yin ƙara. Lord Atkin, ɗaya daga cikin alƙalan ukun, ya kafa hujjarsa a kan maƙwabtaka: duk wanda hankali zai nuna maka cewa aikinka zai taɓa shi kai tsaye, maƙwabcinka ne a idon doka, kuma wajibi ne ka kiyaye kada sakacinka ya cuce shi. Wannan ne tushen abin da lauyoyi ke kira nauyin kulawa, kuma kotunan Najeriya sun gaje shi. A 2008, a shari'ar Okwejiminor da Gbakeji, Kotun Ƙolin Najeriya ta ɗora wa kamfanin da ke sarrafa Fanta alhaki bayan an sami mataccen kyankyaso a kwalba.

Ni abin da ke damuna shi ne yadda muke yi wa irin wannan haƙƙi riƙon sakainar kashi. Direba ya ɗebo fasinja alhali ya san birkinsa ba ya ci, ɗan kwangila ya haƙa rami a bakin titi ya tafi bai killace ba, mai kemis ya yi wa yaro allurar da ba shi da iliminta. Da ɓarna ta auku sai dattawa su taru, a ce ƙaddara ce, a bar wa Allah. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma bai taɓa sauke alhaki daga kan mai sakaci ba. Malamanmu sun san wannan tun kafin Turawa su zo. Hadisi ya ce wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba, shi ne mai lamuni, wato alhakin ɓarnar yana kansa, kuma a mazhabar Malikiyya akwai babi guda a kan lamuntar da masu sana'a abin da ya lalace a hannunsu. Yafiya alheri ce idan mai haƙƙi ya zaɓe ta da kansa. Wadda aka matsa wa marainiya ko talaka ya yi don gudun surutu, zalunci ce.

Dokar kuma ba ta buɗe ƙofa ga kowane mai ƙorafi ba. A shari'ar kamfanin Caparo ta 1990 alƙalan Ingila sun ce sai an duba ko ana iya hango cutar, ko akwai kusanci tsakanin ɓangarorin, da kuma ko adalci ne a ɗora nauyin. Bayan an tabbatar da nauyin, mai ƙara ne zai nuna cewa an gaza yin abin da mai hankali zai yi, kuma wannan gazawar ce ta jawo masa asara. A nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, domin kafin a je wurin lauya an zubar da kwalbar, takardar asibiti ta ɓace, shaidu kuma sun ce ba ruwansu. Ita kanta Donoghue ba a kai ga tabbatar da dodon koɗinta a gaban alƙali ba: Stevenson ya rasu, masu kula da gadonsa suka sasanta da ita a wajen kotu a kan fam 200.