Jika 40 ɗin Kawu da suka narke a banki

Jama'a, yau maganar banki zan yi, kuma za ta yi tsawo. Mai gaggawa ya wuce, ya dawo in ya sha shayi.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, manomin albasa ne a wani ƙauye kan hanyar Badagishiri. Shekarar da albasa ta yi kuɗi, ɗansa da ke Abijan ya matsa masa lamba sai ya buɗe kont a banki, wai ya daina binne kuɗi a rumbu. Ni na kai shi, tunda ni ne mushen gidan, ni ake turawa duk inda ake jin Faransanci. Yarinyar da ke gishe ta tambaya wane irin kont muke so. Na ce mai karti, don a ganina shi ne na wayayyu. Kawu ya dangwala yatsa a takardu huɗu ko biyar, muka fito. Ban karanta su ba. Wannan laifin nawa ne, kuma na amsa shi tun a nan kafin wani ya tuna mini.

Da auren ƴarsa ya tashi ya kwashe kusan duka, ya bar jika 40, ya ce kada kont ɗin ya mutu. Shekara biyu da ƴan watanni bai waiwaye shi ba. Ran nan ya shigo Tawa cin kasuwar Lahadi, ya kwana wurina, da safen Litinin muka tafi ya ɗauki abinsa zai sayi iri. Muka yi layi har rana ta take. Da aka zo kanmu, aka buga, aka ce abin da ya rage bai kai jika 3 ba.

Ba sata aka yi ba, kowane dala yana rubuce. Kuɗin riƙon kont kowane wata, kuɗin karti kowace shekara, kuɗin saƙon salula da ake aika wa mutumin da ba ya karatun boko a lambar da ya daɗe da yarwa, sannan haraji a kan kowanne. Yaron da ke gishe, mai ladabi ne wallahi, ya yi ta bayani: “Baba, haka tsarin yake, kun sa hannu.” Kawu ya yi shiru, ya dube ni, ya dube shi, ya ce: “Ɗana, in na ba makiyayi akuya, na san abin da nika biya ga wata, kuma in na komo ina iske ta da ɗiya. Ku mi kuka kiwata mini?” Layin duka ya fashe da dariya. Ni ban yi ba.

To ga abin da ya sa nake wannan rubutu. Akwai doka, kuma ba sabuwa ba ce. A 2014 BCEAO, babban bankin ƙasashe takwas masu cin sefa a yammacin Afirka, mai hedikwata a Dakar, ya fitar da umarni cewa ayyuka 19 kyauta ne a kowane banki, daga 1 ga Oktoba na shekarar. Buɗe kont kyauta, rufe shi ma kyauta. Zuba kuɗi a bankinka, cire kuɗi a na'urar bankinka da kartinka, turo albashi, tura kuɗi daga kont zuwa kont cikin banki ɗaya, takardar lissafin wata, takardar da ke tara duk abin da aka yanke maka cikin shekara, duk ba a biya. Riƙon kont na ajiya, wanda ake ba da ɗan littafi, shi ma kyauta ne. Wannan na ƙarshen shi ya fi yi mini ciwo, don da shi muka buɗe wa Kawu, da ya iske jika 40 ɗinsa har da ɗan ƙari. Ba wanda ya ce mana, “Baba manomi ne, sau biyu a shekara zai zo, ga wanda ya dace da shi.” An tambaye mu kamar mun san bambancin, muka amsa kamar mun sani.

Ku tambayi kanku, cikin masu karanta wannan, mutum nawa suka taɓa jin labarin ayyuka 19 ɗin nan? Ni kaina, mai koyar da ƴaƴan mutane lissafi, sai bayan abin Kawu na je na bincika. An liƙa jadawalin farashi a bangon banki, gaskiya ne, doka ta tilasta. Amma da Faransanci, da ƙananan baƙaƙe, a bayan gilashi, galibi a lungun da in ka tsaya karantawa ka rasa wurinka a layi. Wannan liƙawa ta cika doka ce, ba ta sanar da kowa ba.

Sannan ku duba abin da dokar ta bari a waje. Ta ce buɗewa kyauta, rufewa kyauta, amma riƙon kont na yau da kullum, wanda ma'aikaci ke karɓar albashi a ciki, ba ya cikin jerin. Shigowa gida kyauta, fita kyauta, zama ne ake biya. Karti ma saye ake yi. In ka zo cire kuɗi ba ka da shek naka ba ka da karti, aka ba ka shek na gishe, wannan ma an ware shi, biya za ka yi. In na'urar bankinka ta mutu, ko ta ce babu rezo, ka taka zuwa ta wani banki, a yanke ka, alhali ba kai ka kashe na'urar ba. Duk malamin lekol da ya taɓa karɓar albashi a ƙarshen wata a garin nan ya san wannan waƙar. Da aka toshe ƙofa ɗaya, sai kuɗin suka koma shiga ta taga: a haɗa maka karti da saƙo da inshora a ƙunshi ɗaya, a sa masa suna mai daɗi, a ce kowane wata kaza.

Akwai ma wata doka ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen nan takwas masu cin sefa, da ta ce kont ɗin da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba, banki ya miƙa kuɗin ga BCEAO a ajiye wa mai shi ko magadansa. Tsari ne mai kyau. Sai dai irin kont ɗin Kawu, kafin shekara 10 me zai rage da za a miƙa?

Wani zai ce to ai banki ba gidan sadaka ba ne. Na yarda. Suna biyan kuran, suna biyan gazuwal na janareto, suna biyan masu gadi, kuma kawo tsabar kuɗi daga nesa zuwa Tawa ba wasa ba ne a halin da hanyoyi suke ciki. Ba na cikin masu cewa a yi komai kyauta. Amma kada a manta kuɗin da muke zubawa ba kwanciya suke yi a akwati ba. Da su ake ba ƴan kasuwa bashi, da su ake ba gwamnatoci rance, ana cin riba. Mai ajiya shi ne ya kawo jarin. Ko a kasuwa, wanda ya kawo maka haja ba ka cajinsa kuɗin inuwa.

Kuma mutanenmu ba biya suka ƙi ba. Ku je ku ga layin da ke gaban kamfanonin aika kuɗi irin su NITA ko Al Izza ko Amana ran kasuwa. Adar ƙasar ƴan cin rani ce, kusan kowane gida yana da wani a Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Najeriya, kuma da abin da suke aikowa ake cika rumbu in damina ta gaza. Mai aikowa yana biyan kuɗin aike, wani lokaci in ka lissafa ya fi abin da banki zai karɓa. Amma an faɗa masa tun kafin ya miƙa: jika kaza, ladan aike kaza. Ya biya, an ba shi resi, magana ta ƙare. Tsohuwa ta zo da katin shaida, a yi mata magana da Hausa, a ƙirga mata a hannu, ta ƙulle a bakin zane. Ba wanda zai bi ta gida wata mai zuwa ya zare dala ashirin tana barci. Yankan da aka faɗa a gaban ido, mutum yana haƙuri da shi. Na cikin duhu ne ke kore shi, kuma in ya tafi ba shi kaɗai yake tafiya ba, da ƙauyensu yake tafiya. Yanzu haka duk wanda ya yi zancen banki a majalisar su Kawu, labarin jika 40 za a ba shi.

Ga kuma tsohon miki. Dattawa ba su manta da BDRN ba, bankin raya ƙasa na Nijar da ya durƙushe aka rufe shi a 1990, mutane suka yi ta sintiri kan kuɗinsu. Ba su manta da Janairun 1994 ba, da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. Mu kuma mun ga namu: takunkumin da aka sa wa Nijar daga 30 ga Yulin 2023 har zuwa 24 ga Fabrairun 2024, lokacin da mutum ke da kuɗi a rubuce amma a ce masa iyakar abin da zai iya cira ke nan, ya dawo gobe. Ba siyasa nake ba, kowa da ra'ayinsa kan wancan lokaci. Abin da nake cewa, wanda ya ga waɗannan da idonsa, in ka zo kana lallashinsa ya kawo kuɗinsa, bai kamata abu na farko da zai gani shi ne ragi ba.

Abin haushin, banki yana da amfanin da rumbu ba shi da shi, kuma shi ma ba a faɗa. Tun 2014 akwai asusun lamunin ajiya na ƙasashen sefa: in banki ya karye, ana biyan mai ajiya har miliyan 1 da jika 400, in kuma ƙaramar ma'aikatar bashi ce, har jika 300. Gara ba ta biyan diyya, gobara ma haka. A shekarar ce kuma sabuwar iyakar ruwan bashi ta fara aiki, kashi 15 cikin 100 ga bankuna, 24 ga ƙananan ma'aikatun bashi. Mai ba da bashin unguwa, wanda ke karɓar buhu biyu a kaka kan buhu ɗaya na bazara, wa ya sa masa iyaka? Waɗannan abubuwa ne da za a iya jawo mutane da su. Amma an bar su a takarda, kamar yadda aka bar ayyuka 19.

In ana neman misalin yadda ake riƙe kuɗin talaka ba a kore shi ba, ba sai an je Dakar ba. A ƙasar Maradi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, kuma daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Mata su zauna kowane mako, kowa ta zuba nata a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, akwati yana hannun wata, makullai suna hannun wasu. Akwai ruwa a kan bashi, akwai tara ga wadda ta makara, ba kyauta ake yi ba. Amma kowace mace a da'irar za ta iya faɗa maka dokokin da ka, don da bakinta aka yanke su. Matata tana cikin irin wannan asusu shekara da shekaru, ba ta taɓa dawowa gida tana tambayar ina dalarta ta shiga ba. Ni mai kont da karti ni ke wannan tambayar.

Abin da nake roƙon hukuma ba mai tsada ba ne. Ma'aikatar kuɗi da reshen BCEAO na Yamai su tilasta a fassara jadawalin farashi da jerin ayyukan kyauta zuwa Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci, kuma a karanta su a rediyon karkara, don yawancin masu bukatar ji ba masu karatu ba ne. Duk wanda zai dangwala yatsa, a faɗa masa da harshensa nawa za a cire masa a shekara in bai taɓa kont ɗin ba, lamba ɗaya, ba shafi biyar ba. Kont ɗin da ya yi wata shida ko shekara ba motsi, a tsayar da yanka, a nemi mai shi. Suna da lambar wanda ya kawo shi, ai tawa tana cikin takardun Kawu, ba wanda ya kira ni. Kuma a sa wurin kai kuka a kowace jiha. Mutumin Buza ko Kaita ba zai hau mota ya yi sama da kilomita 500 zuwa Yamai kan jika 10 ba, kuɗin motar ya fi abin da aka ci masa, kuma masu yanka sun san haka.

Mu ma ƴan boko da muke raka iyayenmu, mu ji kunya mu karanta kafin a dangwala. In tsoho ne mai zuwa sau biyu a shekara, a ce kont na ajiya, mai littafi. A nemi takardar lissafin shekara, haƙƙi ne, ba alfarma ba.

Kawu dai ya ce a rufe. Aka ce sai an rubuta takardar neman rufewa, da Faransanci. Na ari biro na rubuta a tsaye a kan gishe, na ƙara da cewa rufewa kyauta ce tun 2014, yaron ya yi murmushi ya ce ya sani, Mushe. Aka ƙirgo wa Kawu canjinsa, bai ko duba ba ya zura a aljihu. A tasha na cika masa kuɗin irin daga nawa, ya ƙi karɓa sau biyu, a na uku ya karɓa ya ce bashi ne, in albasa ta fito zai aiko yaro da shi. Ya kuma ce in kira ɗan nasa na Abijan in faɗa masa da bakina, don shi in ya faɗa za a ce tsufa ne.