Nasiha Ga Matasa: Ku San Tarihin 'Yan Sikawut Kafin Ku Sa Kaki

Ya ku 'yan uwana matasa, kaki yana da kwarjini, kuma babu laifi a sha'awarsa. Amma wanda zai shiga ƙungiya mai yunifom da fareti da rantsuwa, ya kamata ya san abin da yaƙi ya yi da irin waɗannan ƙungiyoyi a baya.

Tushen sikawut kansa daga yaƙi ne. A 1899 aka yi wa garin Mafeking na Afirka ta Kudu ƙawanya har kwana 217, kwamandan garin kuwa Robert Baden-Powell ne. Sojoji sun yi ƙaranci, sai aka sa yara maza suna kai saƙo, wasu a ƙafa wasu a kan keke. A 1907 Baden-Powell ya tara yara 20 a tsibirin Brownsea na Ingila, ya raba su rukuni huɗu, daga nan sikawut ya fara. Wannan rabon shi ne ƙashin bayan tsarin: yara shida zuwa takwas, shugabansu ɗaya daga cikinsu, kowa da aikinsa.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, malaman sikawut na Birtaniya da yawa suka tafi filin daga. Ƙungiyar ba ta watse ba, domin shugabannin rukuni sun riga sun saba ɗaukar nauyi. Yaran suka riƙa gadin gadoji da layin dogo da wayoyin tangarahu, suna sa ido a bakin teku, suna taya girbi. Aiki ne na hidima, daidai ƙarfin yaro.

A inda gwamnati ta ƙwace tarbiyyar matasa, labarin ya sha bamban. Tarayyar Sobiyet ta kafa tata ƙungiyar a 1922 a madadin sikawut, Mussolini ya rushe ƙungiyar sikawut ta Italiya, a Jamus kuma aka haɗiye kowa cikin ƙungiyar Matasan Hitler. Kayan aikin iri ɗaya ne: kaki, zango, waƙa, tattaki. Abin da aka sauya shi ne rantsuwa ta koma ga mutum guda, aka toshe ƙofar fita, domin a Jamus daga 1939 shiga ta zama dole. An fara da yaro ɗan shekara 10 yana maci, a 1943 aka ɗora 'yan makaranta kan bindigogin kakkaɓo jirage, a 1944 aka tura runduna guda ta samari zuwa fagen yaƙin Normandy na Faransa, inda dubbansu suka mutu ko suka jikkata. Abin tausayi ne ƙwarai, domin yaran nan sun ɗauka ƙasarsu suke yi wa hidima.

Ku dubi ƙasar Folan (Poland) kuma. 'Yan sikawut ɗinta sun koma aiki a ɓoye a 1939 bayan mamayar Jamus, amma ko a wannan tsanani sun raba aiki bisa shekaru: 'yan 12 zuwa 14 horo da aike, 'yan 15 zuwa 17 leƙen asiri da ƙananan ayyukan zagon ƙasa, faɗa kuwa sai wanda ya kai 18. A boren da aka yi wa Jamusawa a Warsaw, babban birnin ƙasar, a 1944, ƙananan ne suka riƙa raba wasiƙu tsakanin iyalai. Duk da haka da yawa sun rasa rayukansu, don harsashi ba ya tambayar shekaru.

Bayan yaƙi aka haramta Matasan Hitler a 1945. Sikawut kuwa ta tara sama da matasa dubu 24 a Moisson ta Faransa a 1947, taron da aka kira na zaman lafiya.

Don haka idan an gayyace ka wata ƙungiya, ka nemi ganin rantsuwarta a rubuce kafin ka ɗaga hannu, ka duba ko sunan wani mutum aka sa a ciki. Ka tambayi mai biyan kuɗin kakin. Ka lura da yadda ake raba lokaci: idan fareti ya cinye awa biyu amma ba a koyar da ɗaure rauni, tsayar da jini ko karanta taswira, to biyayya kawai ake nema a wurinka. Ka binciki waɗanda suka fita, shin an bar su lafiya? Kuma duk shugaban da ya ce kada iyayenka su san inda ake atisaye, ka ajiye masa kakinsa a ranar.