Cooperstown ta ci moriyar ganga, yanzu tana neman yar da Bonds da Clemens

Hukuncin da kwamitin mutum 16 ya yanke a Disamban 2025 kan waɗanda za su shiga Zauren Gwarzayen wasan besbol da ke garin Cooperstown a Amurka ya ɓata min rai matuƙa. Jeff Kent ya samu ƙuri'a 14 ya wuce. Barry Bonds da Roger Clemens kuwa, waɗanda ake zargi da amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, ko biyar ba su samu ba. Bisa sabuwar ƙa'idar da hukumar zauren ta fito da ita a farkon shekarar, duk wanda ya kasa kai ƙuri'a biyar ba za a sa sunansa a zagaye na gaba ba. Ke nan 2028 ta wuce su, sai 2031, lokacin Bonds yana da shekara 67, Clemens 69. In aka sake hana su biyar ɗin, an rufe maganarsu har abada.

Kent ɗan wasa ne nagari, ban ƙi ba. Ya buga hom-ran (bugun da ke ba mai shi damar zagaye tushe duka ya ci maki) 377, kuma a cikin masu tsaron tushe na biyu babu wanda ya kama ƙafarsa a wannan fanni. Amma duk wanda ya bi wasannin San Francisco Giants daga 1997 zuwa 2002 ya san a inuwar wa Kent ya yi suna. Shekara shida a jere yana shigo da maki sama da 100, kuma yawanci Bonds ne ke gabansa a jerin masu bugu. Masu jifa su ji tsoron Bonds su bar shi ya wuce tushe na farko a banza, Kent ya zo ya tarar da mutum a tsaye yana jiran a kai shi gida. Marubutan wasanni, waɗanda su ne ke fara zaɓen masu shiga zauren, sun shekara goma suna duba takardar Kent, bai taɓa kai kashi 47 cikin 100 ba, alhali 75 ake bukata. Yau shi zai samu allon tagulla a bango, wanda ya share masa hanya yana bakin ƙofa.

Hujjar da ake ta maimaitawa ita ce sharaɗin nan na ƙa'idar zaɓe da ya ce a duba gaskiya da hali da ladabin ɗan wasa, ba bajintarsa kaɗai ba. To, mu duba yadda zauren kansa ke aiki da wannan sharaɗi. Bud Selig ne ya shugabanci babbar gasar besbol ta Amurka (MLB) tun 1992 har 2015, wato duk zamanin ƙwayoyin ƙara kuzari a hannunsa ya faru. Yajin aikin 1994 ya sa aka soke wasan ƙarshe na World Series, 'yan kallo suka yi fushi suka ƙaurace wa filaye. A 1998 Mark McGwire ya buga hom-ran 70, Sammy Sosa 66, jama'a suka dawo, kuɗi suka shigo. A wannan kakar ce wani ɗan jarida ya hango kwalbar maganin gina jiki a akwatin kayan McGwire ya rubuta, sai aka koma zagin ɗan jaridar. Gwajin da ke da hukunci bai fara ba sai 2004. A Disamban 2016 irin wannan kwamiti na mutum 16 ya ba Selig ƙuri'a 15. Tony La Russa, wanda ya horar da McGwire a Oakland da St. Louis, ya shiga tun 2014. Shugaba ya shiga, koci ya shiga, masu ƙungiyoyi sun kwashe riba, sai 'yan wasa biyu aka ɗora wa laifin zamani guda su kaɗai.

Masu cewa ai dokar Amurka ta hana waɗannan ƙwayoyi tun 1990, kuma shugaban gasar na wancan lokaci ya aika wa ƙungiyoyi takardar gargaɗi a 1991, su fara gaya mana ɗan wasa nawa aka dakatar da wannan takarda kafin mu saurare su.

Ba na rantsuwa cewa hannun Bonds ko Clemens tsarkakakke ne. Sunayensu na cikin rahoton Mitchell na 2007, wato binciken amfani da ƙwayoyi a gasar, kuma mai ido ya ga yadda jikin Bonds ya canza. Sai dai gasar ba ta taɓa dakatar da ko ɗayansu kan ƙwaya ba. Kotu ta wanke Clemens daga tuhumar yi wa majalisa ƙarya a 2012. Hukuncin da aka yanke wa Bonds a 2011 na hana shari'a aikinta, kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2015. Wannan ya raba su da Manny Ramirez da Alex Rodriguez, waɗanda suka taka doka bayan an rubuta ta, an kafa gwaji, an faɗi hukunci. A kan waɗannan biyun ba ni da ta cewa in an hana su.

Kuma ko an yanke tarihin Bonds a ƙarshen 1998, kafin shekarun da ake zarginsa, ya riga ya cancanta. Sau uku ya zama gwarzon ɗan wasan shekara, a 1990 da 1992 da 1993, ya ɗauki kyautar gwanin tsaro sau takwas, ya kuma zama na farko da ya haɗa hom-ran 400 da satar tushe 400. Ranar 28 ga Mayun 1998 Arizona na gaba da ci 8 da 6 a zagaye na tara, saura mutum ɗaya a fitar wasa ya ƙare, tushe ukun duk da 'yan Giants a kai, sai ga Bonds da sanda. Kocin Arizona, Buck Showalter, ya umarci mai jifansa ya bar shi ya wuce da gangan. Ya yarda ya ba abokan hamayya maki ɗaya kyauta, ci ya koma 8 da 7, don kada Bonds ya taɓa ƙwallon. Brent Mayne ya biyo baya ya buga aka cafe, Arizona ta tsira. Irin tsoron da ake yi masa ke nan tun yana siriri. Clemens ma ya karɓi kyautar Cy Young ta gwanin jifa sau uku a Boston, ya fitar da masu bugu 20 a wasa ɗaya a 1986, ya maimaita a 1996.

Zaɓen Janairun 2022 ne ya fi tona asirin abin da ake kira hali. A takarda ɗaya David Ortiz ya samu kashi 77.9 ya shiga a karon farko, Bonds ya tsaya a 66, Clemens a 65.2, shekararsu ta goma kuma ta ƙarshe. An ruwaito tun 2009 cewa sunan Ortiz na cikin waɗanda gwajin sirri na 2003 ya kama, ko da yake shugaban gasar, Rob Manfred, ya ce ba za a dogara da wannan gwaji ba. Na yi murna da shigar Ortiz. Amma bambancinsa da Bonds a idon masu zaɓe a fili yake: shi mai fara'a ne da 'yan jarida, Bonds kuwa murtuke fuska yake yi ya ba su amsa a daƙile. Idan sharaɗin hali ya koma wa ke gaishe ka da kyau, ya tashi daga ma'auni ya zama ramuwa. A wannan bangon dai akwai Cap Anson, wanda ya ƙi buga wasa da baƙar fata ya taimaka aka rufe musu ƙofa, da Kenesaw Mountain Landis da ya riƙe gasar har mutuwarsa a 1944 ƙofar tana rufe, da Gaylord Perry da ya yi suna wajen shafa wa ƙwallo maiƙo.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gidan tarihin bai ƙi kayan Bonds ba. Ƙwallon hom-ran ɗinsa na 756 a Agustan 2007, wanda ya karya tarihin Hank Aaron da shi, yana Cooperstown da tambarin tauraro da wanda ya saye shi ya sa aka yi masa don nuna shakka. Baƙi na biyan kuɗi su shiga su gani. An karɓi ƙwallon, an ƙi mai hom-ran 762 da ya buga shi. A Mayun 2025 kuma Manfred ya ɗage haramcin da ke kan tsohon ɗan wasa Pete Rose saboda caca, watanni bayan rasuwarsa, har yana iya zuwa gaban kwamiti a 2027. Mutumin da ya yi caca a kan wasannin ƙungiyarsa zai riga Bonds samun wata damar.

A soke wannan ƙa'ida ta ƙuri'a biyar. A bayyana wa kowa abin da kowane ɗan kwamiti ya zaɓa, tunda yawancin marubuta ma suna bayyana nasu. In ana tsoron a yaudari na baya, a rubuta a jikin allon tagullar cewa a zamanin ƙwayoyi suka buga kuma an zarge su, a rubuta hakan a na Selig ma.