Tafiyar minti 20 da ta ci mana kwana biyu

Har yanzu idan na tuna ranar da muka baro Zanzibar sai raina ya sake ɓaci, kuma ba da kowa nake ba sai da mutumin da ya yankar mana tikiti a Kano. Alhaji, idan rubutun nan ya iso gare ka, wallahi ba ka kyauta ba.

Daga Kano babu jirgin da zai kai ka tsibirin nan kai tsaye, dole sai an yada zango, na san da wannan. Dala 44 ta inshorar da suka wajabta wa kowane baƙo tun Oktoban 2024 ma na biya, tawa da ta maiɗakina, ban ce uffan ba. Abin da ban sani ba shi ne, don ka samu rangwame ka soke sauran a aljihu, tikiti biyu ka haɗa mana na kamfanoni biyu da ba ruwan wani da wani: ƙaramin jirgi daga Zanzibar zuwa Dar es Salaam, sannan babba daga can zuwa gida. Tsakaninsu awa uku. Ka ce min, "Ai minti ashirin ne kawai a sama, ranka ya daɗe, har shayi za ku sha."

Mun taso daga Nungwi, can ƙuryar arewacin tsibirin, tun da hantsi, muka yi wajen awa ɗaya da rabi a mota. Ƙarshen Disamba ne, lokacin da Turawa ke gudo wa sanyin ƙasarsu, filin jirgin Abeid Amani Karume ya cika ba masaka tsinke. Titin tashi da sauka guda ɗaya ne tal. Ta gilashi muna kallon manyan jirage suna dira suna amayo mutane da gajerun wanduna da hulunan kaba. Mutumin Milan zai hau jirgi ɗaya ya farka a bakin teku, haka na Doha da na Istanbul, amma ni da nake nahiya ɗaya da tsibirin sai na yi ta tsalle kamar fara.

Namu jirgin, ɗan mitsitsi mai farfela ɗaya da kujeru goma sha biyu, ko ƙeyarsa ba mu gani ba. Na je kanta sau huɗu. Yarinyar da ke wurin sai murmushi, "Pole, pole sana." Sannu dai, sannu ƙwarai. To sannu za ta kai ni Kano? Da na matsa sai ta ce "saa kumi". Na ɗauka goman dare take nufi, har gabana ya faɗi, sai wani dattijo ya fahimtar da ni cewa su daga wayewar gari suke fara ƙirga awa, goman tasu ƙarfe huɗun yamma ke nan. Huɗun ta zo ta wuce. Maiɗakina, wadda ƙafarta ta kumbura don zama, ta ce, "Baban Ummi, da jirgin ruwa muka bi da tuni muna can." Gaskiyarta, awa biyu ne ta ruwa, amma wa ya faɗa mana?

Da ƙaramin jirgin ya zo ɗin ma sai ga wata sabuwa: kilo 15 kacal kowa zai shiga da shi. Akwatinmu da ya cika da kanumfari da kirfa na tsaraba sai da muka biya masa kuɗi kamar wani fasinja na uku.

Muka sauka Dar es Salaam an rufe kanta. Kamfanin babban jirgin suka duba kwamfuta suka ce mu ne ba mu zo ba, jinkirin wani ba matsalarsu ba ce tunda ba tikiti ɗaya ba ne. Da guda ne, da wajibinsu ne su saka mu a jirgi na gaba. Kwana biyu a otel, ga tarar canjin rana, duk daga aljihuna, da dala, a wannan marra.

Na kira ka sau tara a daren nan, Alhaji. Sai washegari ka turo min saƙon murya a WhatsApp, wai in yi haƙuri, haka Allah ya ƙaddara. Ƙaddara ce ta yanki tikiti biyu? Rasit ɗin otel ɗin yana hannuna, kuma ranar Litinin ina nan tafe ofishinka da shi.