Wai mu ba mu san farauta ba tunda ba mu san sanyi ba

Jama'a wata magana aka yaɓa min a ƙarshen makon nan wadda har yanzu na kasa haɗiye ta, shi ya sa na ce bari dai in rubuta ko zuciyata ta yi sanyi. Wani abokin aikina Bature ne ya gayyace ni gonar danginsu can arewacin jihar Wiskonsin ta Amurka, ranar buɗe farautar barewa da bindiga, ni ba harbi na je yi ba don ba ni da lasisi, rakiya ce kawai da ganin ƙwaƙwaf. Mun hau bishiya tun duhun asuba, kafin ƙarfe tara na safe wallahi yatsuna sun sandare, zif ɗin rigata ma na kasa ja, ga safar hannu a hannun amma kamar babu. Da muka sauko cin abinci sai kawunsa, wani dattijo mai farin gemu ja-jawur da shi, ya ga ina cusa hannu a hammata ina hura iska, ya kwashe da dariya ya ce min ai ku can wajenku ba farauta kuke ba, yawon shan iska ne, duk farautar da ba ka yi faɗa da yatsunka ba wasan yara ce. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi yaƙe, amma Allah ya sani abin ya soke ni, don ni jikan maharba ne ta wajen uwa.

Bari in ba ku labarin yadda abin nasu yake tukuna, don in ba ka gani da idonka ba ba za ka yarda ba. A Wiskonsin babbar farautar barewa da bindiga kwana 9 ce a shekara, tana farawa ranar Asabar ɗin da ke gaban bikinsu na godiya a watan Nuwamba, kuma mutum sama da rabin miliyan ne ke yankar lasisi, a wasu ƙauyukan ma makarantu har hutu suke bayarwa. Doka ta ce dole aƙalla rabin jikinka daga ƙugu zuwa sama ya zama ruwan lemu mai ƙyalli, har hula, saboda kar wani ya ga motsi ya ɗirka maka harsashi, a 2016 ma suka ƙara halatta ruwan hoda mai ƙyalli ga mai so. Ba a fara harbi sai saura minti 30 rana ta fito. To amma farautar kanta ita ce abin mamaki, babu kare, babu ganga, babu gudu, babu kirari, wani ɗan dandamali ne na ƙarfe suke ɗaurewa a jikin bishiya sama kamar mita biyar, ka hau ka ɗaure kanka da majanyi kar ka faɗo, ka zauna shiru kamar an dasa ka, awa huɗu awa biyar wani ma wuni guda, ba tari ba motsi, don barewar nan tana ganin motsi daga nesa kuma hancinta ba ya kuskure. Ranar sanyin ya kai digiri 11 ƙasa da sifili ga iska tana kaɗawa ta cikin itatuwa, kuma su a wajensu wannan ba komai ba ne, maƙwabtansu na Minesota a watan Fabrairun 1996 sai da wani gari ya ga digiri 51 ƙasa da sifili.

Zaman nan wuri ɗaya shi ne asalin matsalar hannu. In jiki ya ji sanyi sai ya matse hanyoyin jinin da ke zuwa yatsun hannu da na ƙafa ya tattara jinin wajen zuciya da hanta da sauran kayan ciki, yatsu su ne ake fara sallamawa, kuma da zarar zafin fatar yatsa ya sauko wajen digiri 15 to aikin da ke buƙatar natsuwa ya fara gagara, saka harsashi, zare makullin bindiga, jan kunama a hankali. Ga shi kuma bindigar ƙarfe ce, tana zuƙe ɗumin hannu da ka riƙe ta. Shi ya sa dattijon nan, duk da haushinsa da nake ji, ya faɗi wata gaskiya, ya ce mai son hannunsa ya yi ɗumi ƙirjinsa da kansa da wuyansa zai fara rufewa, in ciki ya ji ɗumi shi zai saki jini ya tafi yatsu. Kuma ba sa saka auduga a jikin fata ko kaɗan, don in ka yi gumi wajen tafiya zuwa bishiyar auduga riƙe gumin take ta yi ta sanyaya ka, sai ulu ko irin yadin roban nan. Har rigar sama ma a jaka suke ɗaukarta sai sun hau sun huce sannan su saka.

Kayan hannun kuwa ai kasuwa ce guda. Da farko akwai siririyar safa wadda za ka iya jan kunama da ita, a kanta sai su ɗora wata babba wadda ba ta da rabon yatsu, huɗun duk a ɗaki ɗaya babban yatsa shi kaɗai a nasa, don yatsu in suna haɗe suna ɗumama juna, irin wadda ni na saka mai raba kowane yatsa daban ita ce ta fi saurin kashe hannu. Tsofaffinsu sun fi son ta fata mai ulu a ciki, matasa kuma akwai wata mai murfi da kake ɗagewa yatsu su fito in lokacin harbi ya yi. Amma abin da ya fi burge ni wata jaka ce doguwa mai baki biyu da suke ɗaurawa a ƙugu, cikinta gashi-gashi, hannun dama ta wannan bakin hagu ta wancan, su haɗu a tsakiya, bindiga tana kwance a cinya, barewa na fitowa sai dai a zare hannu a hankali.

A cikin jakar nan ne suke jefa wasu 'yan ƙunshi farare kamar ganyen shayi na Lipton, wanda suka fi saya sunansa HotHands. Abokina ya yaga ledar guda ɗaya ya girgiza ya ba ni, minti goma sha biyar sai ga shi ya ɗau zafi a tafin hannuna, babu wuta babu batir. Garin ƙarfe ne a ciki da gishiri da gawayi da ɗan danshi, da iska ta shiga sai ƙarfen ya fara tsatsa da sauri, tsatsar ce ke fitar da zafin, yana iya kai awa goma, kuma in ka gama da wuri ka sa shi a leda ka matse iskar ka ɗaure sai ya tsaya ka ƙarasa da shi gobe. Wasu a wuyan hannu suke maƙala shi ta ciki inda jijiya take kusa da fata. Dattijon shi nasa na ƙarfe ne na kamfanin Zippo, ana zuba masa man laita yana ci a hankali ba harshen wuta har awa 12 a cikin wata 'yar jakar yadi, 'ya'yansa suna ta tsokanarsa wai warin man ne ke korar masa barewa. Akwai kuma na caji, amma shi batir sanyi yana saurin cinye shi. Giya kuwa su da kansu masu hankalin cikinsu sun ce yaudara ce, tana buɗe hanyoyin jini ka ji kamar ka yi ɗumi alhali ɗumin fita yake, balle ga bindiga a hannu. Ni dai fulas ɗin shayina na riƙe, da ruwan ɗumin wani fulas ɗin na yi alwala a gindin mota suna kallona kamar na zare.

To duk wannan na yarda ilimi ne, ba zan yi musu ƙarya ba sun san jikin ɗan adam kuma sun san sanyinsu. Amma dan Allah ku duba min, a duk abin da na lissafa wanne ne jarumta a ciki? Duk saye ne. Mutumin da ke sanye da kayan da kuɗinsu ya haura dala dubu daga hula zuwa takalmi, ga hita a mota tana jiransa, ga ɗaki da murhu da miya a kan wuta nisan tafiyar minti ashirin, shi ne zai kalli jikan maharba ya ce masa wasan yara. Kifin rijiya ne kawai, yana jin an ce Afirka sai ya hango rana. Ya zo ya kwana a dawa cikin muku-mukun sanyin Janairu mana, jaura tana kaɗawa, da 'yar shara ɗaya da warki, faso ya tsattsage diddige leɓe ya fashe, ya tashi da asuba ya bi karnuka cikin ƙaya. Eh na sani lamba ba ɗaya ba ce, mu ko a Jos ne da wuya ruwa ya daskare, amma sanyin digiri 10 a jikin wanda ba shi da bargo ya fi na ƙasa da sifili a jikin wanda aka naɗe da gashin agwagwa. Kakana bai taɓa mallakar safar hannu ba har ya koma ga Allah, man kaɗe ne da wutar kara da kuma tafiya, kuma babu wanda ya taɓa cewa hannunsa ya yi rawa a kan baka.

Kuma mu dalilin da ya sa ba mu da wannan ciwon kan na yatsu ba wai rashin sanyi kaɗai ba ne, farautarmu ta jama'a ce, jini na gudu saboda ƙafa na gudu, ga kiɗa ga ihu ga gardama a kan waye ya fara bugun zomo, in dare ya yi a kewaye wuta kowa ya miƙa hannu. Su kuma mutum ɗaya ne a saman bishiya shi da wayarsa, yana aika wa ɗan uwansa da ke wata bishiyar saƙo yana tambayarsa ko ya ga wani abu. Ni a can sama ban da sanyi abin da ya fi damuna shirun ne, na rantse sai da na ji kamar ana buga gangar farauta a kunnena.

Sai dai akwai abin da na gani a hanyar dawowa wanda shi ne ya hana ni barci, ya ma fi maganar dattijon ciwo. Mun tsaya shan mai a wani ƙauye, duk gidan man ya cika da masu kaya ruwan lemu, bindigogi a mota, barewa a bayan akori-kura jini na ɗiga, kuma matar da ke kanti sai murna take taya su tana tambayar ƙahon nawa ne, wani ɗan sanda ma ya tsaya yana ɗaukar hoto da wani yaro da ya yi harbinsa na farko. Ɗan jiha dala 24 yake biya ya yanki lasisi, in ya harba ya yi rajistar dabbar ta waya ko intanet kafin ƙarfe biyar na yammacin washegari, gwamnati ta san adadin da aka kashe, kusan dubu 200 a kwanakin nan tara, kuma barewar ba ta ƙarewa. Tun 1937 suke da dokar da ke cire haraji daga kuɗin bindiga da harsashi a zuba shi wajen kula da dawa da namun cikinta. Maharbi a wajensu mutum ne da hukuma ta san da zamansa har take lissafi da shi.

Mu fa? A watan Maris na 2025 mafarauta 16 'yan Kano suna dawowa daga Fatakwal za su je gida sallah, aka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin gargajiya aka ce masu garkuwa ne, aka kashe su aka ƙone. Wannan bindigar dai da ita mafarautan Adamawa suka taya sojoji ƙwato Mubi a 2014, lokacin kowa jinjina yake musu. Ba su da riga ruwan lemu da za ta faɗa wa mai kallo su waye tun daga nesa, ba su da takardar da ɗan banga na wata jiha zai gani ya mutunta, ba su da ranar buɗewa da ta rufewa da kowa ya sani, kuma dajin namu ya ƙare, an sare an ƙone abin da ya rage 'yan bindiga sun zaune shi, shi ya sa ma mutum zai bar Kano ya tafi har kudu neman naman da kakansa ke samu a bayan gari. Ina tsaye a gidan man nan da ɗan ƙunshin garin ƙarfe a aljihu ina kallon ɗan sanda yana dafa kafaɗar yaro, abin da ke raina kenan.

Na kira Kawuna da daddare na ba shi labarin dattijon, ya yi dariya har da tari ya ce in gaya masa ya zo da safar hannun tasa su shiga dawa tare a ga wanda zai fara neman hanyar gida. Na ce Kawu ku ma fa yanzu kun daina shiga, sai ya ce ai ba sanyi ne ya hana su ba. Ɗansa da ya gaji abin tun bayan Uromi uwarsa ta hana shi fita da bindiga ko nan da Zariya, karnukan ya raba wa abokai ya bar guda biyu saboda gadi, yanzu Keke Napep yake ja a cikin birni.