Akwatin da Alhaji Ya Biya Kuɗinsa

Kun dai san shafin intanet ɗin da na haɗa wa Alhaji mai atamfa na Tsohuwar Kasuwa nan Gombe. A Chrome na kwamfutata komai tsaf.

Ranar nunawa shago ya cika. Alhaji ya ce, "Malam, rufe na'urarka, a wayata za mu gani." Manhajar buɗe intanet ta wayar Opera Mini ce, kuma an sa ta a matsanancin tsimin data. Inda 'yan layuka ukun nan na buɗe menu suke, sai ga wani ɗan akwati fanko. Ya danna. Ya sake dannawa. Ya goge allon da hannun rigarsa, ya ɗaga wayar wajen haske, sannan ya miƙo min: "Wannan akwatin ne na biya kuɗinsa?" Har mai shayin da ya zo karɓar kofuna ya leƙo.

Alamar daga Font Awesome take, wani tarin alamomi da ke zuwa a matsayin font (salon haruffa), ita kuwa Opera Mini ba ta sauke font na waje. A sabar Opera ma ake sarrafa shafin kafin ya iso waya, don haka JavaScript, lambar da ke sa shafi ya amsa in an danna, sai abin da ya samu. Ina cikin wannan bayani ɗan ƙanwar Alhaji ya zaro iPhone 6, wai "Kawu, bari a gwada a babbar waya." Can kuma sunayen kaya suka manne, ya karanta da ƙarfi: "ShaddaLeshiAtamfa!" Da gap na flexbox, wani umarnin jera abubuwa a shafi, na sa tazarar, Safari kuwa, manhajar buɗe intanet ta iPhone, bai san shi ba sai daga sigar 14.1, wayarsa kuwa ta tsaya a iOS 12. Ɗan ƙanwar ya ce wai bairos ne. Yaron da ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku! Filashina yana hannunsa tun azumi, in na tambaya ya ce yana gida.

Gyaran bai ci awa ɗaya ba: na cire alamar na rubuta "Kayayyaki" ƙarara, na sa margin-right: 16px a madadin gap, na daina dogaro da hover, wato abin da ke buɗewa in an ɗora linzami a kai, tunda yatsa ba linzami ba ne. Washegari Alhaji ya kira, akwatin na nan. Tsohon fayil wayar ta riƙe, sai da na mayar da mahaɗin fayil ɗin style.css?v=2 don ta ɗauko sabo.

Yanzu ya ce in riƙa ɗora hotunan a status na WhatsApp ma. Cikon kuɗina kuma sai bayan Juma'a.